Wa Ya Koya wa Mutanen Shaolin Faɗa?

A Kongolam, bakin iyaka kan hanyar Daura zuwa Damagaram, da zarar an tashi daga gidan kallo da dare sai ka ga yara sun ja daga a kan yashi. Wannan ya ɗaure kai da tsumma, wancan ya tsaya da ƙafa ɗaya yana ihu, kowa na cewa shi ne Burusli. Haka muka taso. Wanda ya fi mu wayo kuwa yakan ba mu labarin cewa wani baƙo daga Indiya ne ya kai wa mutanen Sin wannan fasaha ta kungfu. Ɗan ƙasar Daura ba ya mamakin irin wannan zance, domin da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu aka yaye shi.

Sunan baƙon Bodhidharma, Sinawa na ce masa Damo. An ce ya shekara tara a kogo yana fuskantar bango, da ya ga masu ibadar Shaolin sun yi laushi, sai ya koya musu motsa jiki da naushi. To, ina gaskiyar take?

An gina gidan ibadar Shaolin a shekarar 495 a dutsen Song, cikin lardin Henan, bisa umarnin Sarki Xiaowen, domin wani malamin addinin Buda mai suna Batuo. A harabar gidan akwai allon dutse da aka kafa a 728. Rubutun jikinsa ya nuna cewa a 621 mutanen gidan sun mara wa wani jagoran yaƙi mai suna Li Shimin baya a yaƙinsa da Wang Shichong, wanda dakarunsa suka mamaye musu gandu. Gona ce ta fito da su fagen fama, kuma dutsen bai ce Damo ne ya horar da su ba.

A zamanin daular Ming sunansu ya fito sosai, kuma da sanda ya fito, irin dai yadda makiyayi ke ji da tasa. A 1553 sun shiga yaƙi da 'yan fashin teku. Ko a lokacin, wani abin bautarsu suke jingina wa gwanintar sandar.

To daga ina Damo ya shigo? Daga wani littafin motsa jiki mai suna Yijin Jing, na shekarar 1624, wato kimanin shekara dubu da ɗari bayan zamaninsa. Marubucin ya laƙaba masa aikin don ya yi kwarjini, har ya ƙirƙiro gabatarwa da sunan janar-janar biyu da suka daɗe a kabari. Masanin tarihi Tang Hao ne ya bi diddigi a 1930 ya warware ƙullin. Amma labari ya riga ya yi fiffike, kuma fim ɗin da Jet Li ya fito a ciki a 1982 ya ƙara kai sunan Shaolin ko'ina a duniya.

Abin da binciken ya nuna shi ne, hannaye da yawa ne suka gina kungfu: sojoji, manoma, masu gadin ayari da masu ibada, kowa da abin da ya ƙara. Wannan ya tuna mini da dambenmu. Mahauta ne suka riƙe shi, suna bin garuruwa bayan kaka, hannu ɗaya naɗe da zare, ɗayan yana tsaro, kalangu na tashi. Wa ya fara naɗa zaren nan? Wa ya tsara turmi uku?

Sinawa sun sami dutsen da suka karanta. Mu namu tarihin yana bakin tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu, a Daura da Mai'aduwa da ƙauyukan tsallaken iyaka. Yaron da ke son koyon kungfu ya koya da kyau, akwai ladabi da juriya a ciki. Amma ya ɗauki wayar da yake kallon fim da ita, ya je ya durƙusa gaban Sarkin Fawa, ya naɗi muryarsa tun yana da ƙarfin ba da labari.