Sassaben zamani: Yadda manoma ke raya itatuwan gargajiya ba tare da dashe ba

Sassaben zamani wata dabara ce ta farfaɗo da itatuwan ƙasa daga kututture da saiwoyin da suka rage a gona, maimakon dasa sababbi. Ta samo asali ne a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a shekarar 1983, inda wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara tofon itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi. Manomi zai zagaya gonarsa kafin damina, ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya sare sauran da kaifin adda, sa'annan ya rage ƙananan rassan gefe. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, tofon yakan fi dashe saurin girma da jure fari. A Maraɗi da Damagaram an fi raya gawo da kalgo da sabara. Gawo ya fi daraja a wurin manoma, domin yana kaɗe ganyensa da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen kuma ya zama taki.

Sai dai wuyar aikin tana wajen tsaro. Itacen da mutum ya raya, wani na iya sare shi da dare. Saboda haka ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye suka kafa kwamitocin sa-kai da suka haɗa manoma da makiyaya da mata, suna zagaya gonaki, suna zaman tattaunawa, suna cin tarar masu ɓarna. Ziyarar gani da ido tsakanin ƙauyuka ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa dabarar. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

A Agyaragu da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi a jihar Nasarawa, ruwan sama ya fi na Maraɗi yawa, matsalar kuwa ta sara ce. Kirya da kaɗanya na cikin itatuwan da masu gawayi suka fi nema saboda ƙarfin icensu, ga kuma share fili domin noman doya. Kaɗanya takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma mata ne ke fara jin asararta, su da ke sarrafa man kaɗe da daddawar ɗorawa. Dukkan itatuwan nan uku suna tofowa bayan sara, matuƙar an kare tofon daga gobarar daji da dabbobi a shekarun farko.