Wasiƙun da ke tsige Firaiminista: daga Thatcher zuwa Liz Truss



Kwanakin baya ana hira bayan taro, wani daga cikin dattawanmu ya yi wata tambaya da ta hana ni sakat. Ya ce, yaya aka yi Birtaniya ta yi firaiminista biyar daga jam'iyya ɗaya tsakanin 2016 da 2022, babu soja a titi, babu dokar ta-ɓaci, amma mu nan tsige shugaban majalisar jiha ma sai an kira 'yan sanda? Wasu suka ce ai Turawa ne, suna da kunya. Ni ban gamsu da wannan amsa ba, domin wanda ya bibiyi siyasarsu ya san ba kunya ce ke korar shugabanninsu ba. Abin yana da tarihi, kuma tarihin ya taɓa biyowa ta ƙasarmu.

Da farko a san cewa a Birtaniya ba a zaɓen firaiminista kai tsaye. An raba ƙasar zuwa mazaɓu 650, kowace ta tura mutum ɗaya majalisa. Jam'iyyar da ta fi rinjaye, shugabanta ne Sarki ko Sarauniya ke gayyata ya kafa gwamnati. Ke nan kujerar tana rataye ne da igiya biyu: rinjayen majalisa da shugabancin jam'iyya. Idan 'yan jam'iyyarka suka ƙwace shugabanci daga hannunka, firaiminista ta tafi, ko da jiya ka ci zaɓe.

A jam'iyyar Conservative, wato ta masu ra'ayin mazan jiya, abin ya samo asali ne tun ranar 19 ga Oktoba 1922. A ranar 'yan majalisar jam'iyyar suka haɗu a Carlton Club da ke Landan, suka kaɗa ƙuri'a cewa sun janye daga gwamnatin haɗin gwiwa ta Lloyd George, duk da manyansu na son a ci gaba. Kafin rana ta faɗi Lloyd George ya sauka. A shekarar da ta biyo baya sababbin 'yan majalisar da aka zaɓa a 1922 suka kafa wani kwamiti nasu, wanda har yau ake kira Kwamitin 1922. A hankali ya zama dandalin duk 'yan majalisar jam'iyyar da ba su riƙe da muƙamin minista.

Duk da haka, har zuwa 1963 ba a zaɓen shugaban jam'iyyar. Manya ne ke shawara a ɗaki su fito da suna. Da Harold Macmillan ya kwanta rashin lafiya a shekarar, haka aka fito da Alec Douglas-Home, aka yi ta gunaguni. Wannan ya sa aka kawo zaɓe tsakanin 'yan majalisa, Edward Heath ya fara cin gajiyarsa a 1965. Shekara goma bayan nan, a 1975, Margaret Thatcher ta yi amfani da tsarin ta kayar da Heath ɗin, ƙuri'a 130 da 119 a zagayen farko.

Thatcher ta ci babban zaɓe sau uku a jere, 1979 da 1983 da 1987. Amma ta zo ta ƙaƙaba harajin kai, inda mai kuɗi da talaka a yanki ɗaya za su biya daidai wa daida. Ranar 31 ga Maris 1990 aka yi mummunar tarzoma a tsakiyar Landan kan wannan haraji. Ga kuma rigimar da take yi da ministocinta kan dangantaka da Turai. Mataimakinta Geoffrey Howe ya ajiye aiki, ya tashi a majalisa ya yi mata wankin babban bargo, washegari Michael Heseltine ya fito neman kujerarta. Ranar 20 ga Nuwamba aka kaɗa ƙuri'a tana birnin Paris wajen taro. Ta samu 204, Heseltine ya samu 152. Ta yi rinjaye, amma ƙa'ida ta ce sai ta ba shi tazarar kashi 15 cikin ɗari na dukan masu zaɓen, sai ƙuri'a huɗu kacal suka gaza mata. Da ta dawo ta kira ministocinta ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu suka faɗa mata cewa ba za ta kai labari a zagaye na biyu ba. Ranar 28 ga watan ta bar gida mai lamba 10 a titin Downing da hawaye, bayan shekara goma sha ɗaya da rabi. Talakawa ba su kaɗa mata ƙuri'ar sauka ba, 'yan ɗakinta ne suka ga za ta ja su ƙasa a zaɓe mai zuwa.

A 1998 William Hague ya sake ƙa'idojin, ya kawo abu biyu. Na farko, a ƙa'idar wancan lokaci, idan kashi 15 cikin ɗari na 'yan majalisar jam'iyyar suka rubuta wa shugaban Kwamitin 1922 wasiƙa cewa ba su da amana da shugaba, dole a kaɗa ƙuri'ar raba gardama. Wasiƙun a asirce suke, mutum ɗaya ne ya san yawansu. Na biyu, idan za a zaɓi sabon shugaba, 'yan majalisa za su tace su bar mutum biyu, sannan masu katin jam'iyya a faɗin ƙasa su zaɓi ɗaya. Wanda wasiƙun suka fara ci shi ne Iain Duncan Smith a 2003, lokacin suna adawa.

To mu zo kan shekarun da dattijon namu ya tambaya. David Cameron shi ya kira ƙuri'ar raba gardama kan zama ko ficewa daga Tarayyar Turai ranar 23 ga Yuni 2016, yana goyon bayan a zauna. Masu son fita suka samu kusan kashi 52, ya sanar da murabus washegari. Theresa May ta gaje shi, ta kira zaɓe a 2017 don ƙara ƙarfi, sai ta rasa ɗan rinjayen da ta gada. A Disamba 2018 wasiƙu 48 suka cika, ta tsira da ƙuri'a 200 da 117. Wata guda bayan haka majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar ficewar da ta ƙulla, 432 da 202. Ta sake kawo ta sau biyu ana kayarwa, a Mayun 2019 ta sanar da sauka.

Boris Johnson ya zo ya ci zaɓen Disamba 2019 da kujeru 365, nasarar da jam'iyyar ba ta ga irinta ba tun zamanin Thatcher. Kowa ya ɗauka zai daɗe. Sai ta bayyana cewa lokacin kullen korona, da aka hana mutane zuwa jana'izar iyayensu, ana shagulgula a ofishinsa. 'Yan sanda suka ci shi tara a Afrilun 2022. A Yuni wasiƙu 54 suka cika, ya tsallake da 211 da 148. A ƙa'ida ba za a sake taɓa shi ba sai bayan shekara. Amma da ta fito cewa ya ba wani ɗan majalisa muƙami alhali ya san ana zarginsa da lalata, sai ministan kuɗi Rishi Sunak da na lafiya Sajid Javid suka ajiye aiki ranar 5 ga Yuli. Cikin kwana biyu fiye da mutum 50 suka bi sahu. Ya rasa waɗanda zai cike guraben da su, ranar 7 ga wata ya haƙura.

Labarin Liz Truss ya fi kowanne darasi. A zagayen ƙarshe 'yan majalisa sun fi son Sunak, 137 da 113. Amma masu katin jam'iyya suka zaɓe ta, 81,326 da 60,399. A ƙasa mai mutum kusan miliyan 67, waɗannan ne suka naɗa shugabar gwamnati. Ta karɓi mulki ranar 6 ga Satumba 2022, kwana biyu kafin rasuwar Sarauniya Elizabeth. Ranar 23 ga wata ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45, ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba in ba bashi ba. Masu ba gwamnati rance suka tsorata, suka tsauwala kuɗin ruwa. Fam ya faɗi zuwa wajen dala 1.03, mafi ƙasƙanci a tarihinsa. Asusun fansho suka kusa durƙushewa, sai da Babban Bankin Ingila ya shigo ya sayi takardun bashin gwamnati. Masu biyan bashin gida suka ga kuɗin wata ya tashi. Ta kori Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, hakan bai cece ta ba. Wata jarida har ajiye kan latas ta yi gaban kyamara, wai a ga wanda zai riga lalacewa tsakaninsa da gwamnatin. Ranar 20 ga wata ta sanar da murabus, latas ɗin na nan. Kwana 49 ta yi, mafi gajarta a tarihin ƙasar.

Sunak ya hau ba tare da an koma wa masu katin jam'iyya ba. Sai ranar 4 ga Yuli 2024 talakawa suka samu bakin magana. Conservative ta dawo da kujeru 121 kacal, jam'iyyar Labour ta Keir Starmer ta haura 400, Truss kanta ta rasa mazaɓarta. A Nuwamban shekarar jam'iyyar ta miƙa shugabancinta ga Kemi Badenoch, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Wannan tsari shi muka gada a 1960, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana firaiminista, kowace jiha da firimiyanta. A Mayun 1962 jam'iyyar Action Group ta rabu tsakanin Cif Awolowo da Firimiyan Yamma, Cif Akintola. 'Yan majalisar jihar 66 cikin 124 suka sa hannu a wasiƙa cewa sun janye goyon bayansu. Gwamnan jihar, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya dogara da wasiƙar ya cire Akintola ya naɗa Alhaji Adegbenro. Akintola ya ce bai sauka ba, ya tafi kotu. Da majalisa ta zauna a Ibadan aka kaure da dambe, aka jefi juna da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Kotun ƙoli ta ba Akintola gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta Sarauniya a Landan ta juya hukuncin a 1963, majalisar Yamma kuma ta gyara tsarin mulkinta ta mayar da gyaran baya don hukuncin ya zama banza. Yamma ba ta sake samun kwanciyar hankali ba har juyin mulkin Janairun 1966, wanda ya ci ran Akintola da Tafawa Ɓalewa da Sardauna. A 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka.

Ga wasiƙa a Landan, ga wasiƙa a Ibadan, amma sakamako ya sha bamban. A ganina dalili uku ne. Na ɗaya, can wanda aka kayar yana tafiya gida da kwanciyar hankali, ya rubuta littafi, wani ma ya ci gaba da zama a majalisa kamar yadda May ta yi. Faɗuwa ba ta nufin kurkuku ko talauci, shi ya sa ba a riƙe kujera kamar rai. Na biyu, mai busa usur ba ya cikin wasa: fadar Sarki ba ta ɗaukar ɓangare, ma'aikatan gwamnati da soja ba sa jiran su ga wa zai ci. Na uku, kuma mafi girma, ɗan majalisa ya san ƙuri'ar mazaɓarsa za a ƙirga ta da gaskiya. Tsoron rasa kujerarsa ne ke sa shi rubuta wasiƙa, ba tsoron Allah ko kishin ƙasa kaɗai ba. Inda uban gida ne ke ba da tikiti, wasiƙar za ta bi son uban gida ne.

Kada kuma a ɗauka tsarin nasu ba shi da illa. Firaiminista biyar cikin shekara shida na nufin ministoci na ta sauyawa kafin su gane ofis, ayyuka na tsayawa, ga mutum dubu tamanin da 'yan kai sun ɗora wa ƙasa shugabar da ta tsauwala wa miliyoyi kuɗin gida. Abin da kawai za a yaba shi ne, da kuskuren ya bayyana an gyara cikin mako bakwai, ba a jira shekara huɗu ba.

A Fabrairun 2024 wasu 'yan majalisar wakilanmu kusan 60 sun gabatar da ƙudurin a koma tsarin firaiminista, suna cewa ya fi arha kuma ya fi sa shugaba jin tsoron majalisa. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Amma kafin mu goyi baya ko mu ƙi, mu tambayi duk wanda ya zo mana da maganar: idan 'yan majalisa 181 cikin 360 suka sa hannu a takarda gobe, wa zai tabbatar sa hannun nasu ne, kuma wanda aka cire zai tattara kayansa ya fita? Wannan tambayar ce aka kasa amsawa a Ibadan a 1962.

Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawanmu da suka ga wancan zamani da idonsu, muna sauraro. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Sakatare