Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta: Tarihin Wasan Da Ya Koya Mana Adalci

Mai karatu, yaushe rabon ka da ganin yara suna langa a fim ɗin Hausa? Ni dai da na yi wa kaina wannan tambaya kwanan baya, sai na yi shiru. Kuma fa a ganina, a filin langa yawancinmu muka fara sanin abin da ake kira adalci, tun kafin mu ji kalmar a bakin malami.

Bari mu koma baya. Kafin zuwan boko, kowane gari da unguwa a ƙasar Hausa na da dandali, inda yara da samari ke haɗuwa bayan sallar isha, musamman in akwai farin wata kuma an gama aikin gona. Ko Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin wasanni da ƙawancen 'yan matan zamaninta. Wurin yana da tsari, domin akwai sarkin samari, akwai kuma manyan 'yan mata masu tsawatarwa.

Ɗauki langa. Ana raba yara gida biyu, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Kowane gida na da ruwa, wato wanda ake so ya kai wurin sha, sauran kuma su tare masa abokan karawa. Duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa, ya mutu, sai ya koma gefe. To, wa ke kashe shi? Babu alƙalin wasa, babu usur. Kai da kanka za ka fita. In ka yi gardama yau, ka yi gobe, jibi ba mai ɗaukar ka a gidansa. Wannan horon ya fi bulala zafi. Sannan ƙato mai ƙarfi dole ya haƙura da suna, ya tsaya kare wani ɗan siriri mai sauri, domin shan ruwa na gida ne gaba ɗaya.

'Yan mata kuwa suna da gaɗa. Ka san yadda yarinya ke juya baya ta saki jiki ta faɗo, ƙawayenta su cafe ta su cilla sama. Ba ta waiwaye, domin ta yarda ba za su bar ta ta sha ƙasa ba, kuma ta san in layi ya zagayo ita ma za ta tare wata. Ina darasin amana da ya wuce wannan? Haka tashe, da ake farawa in azumi ya kwana goma: a bi gida-gida tare, abin da aka samu a zauna a raba, kuma a nan ake gane mai son kai.

Kada ka ce ina yabon da ne ido rufe. Dandali na da nasa zaluncin. Sau da yawa yaro mai naƙasa ko marar ƙarfi ɗan kallo ne, kuma langa tsakanin unguwa da unguwa kan ƙare da jifa. Amma ko faɗan ma, washegari yaran ne ke sasanta kansu, saboda wasa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya.

Da Turawa suka zo, sai suka zo da nasu. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Malaman Ingila na lokacin sun yi imani cewa a filin wasa ake gina hali, don haka suka sa ƙwallon ƙafa da kurket da fayif cikin tsarin makaranta. Fayif ɗin nan, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, mutum biyu da biyu, ya samo asali ne daga makarantar Eton. Abin sha'awa, shi ma bisa al'ada ba shi da alƙali, 'yan wasa ke faɗin gaskiya a kan kansu. Wataƙila shi ya sa ya zauna daram a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya riƙe wasan har bayan ya zama Firimiya.

Sai dai makarantar ta ɗauki na baƙi ta bar na gida a bakin ƙofa. Da shirin ilimin firamare ga kowa ya zo a 1976, yara suka cika azuzuwa, langa da carafke da 'yar gala-gala suka biyo su, amma lokacin tara kawai suke samun fili. Marubuta irin su Umaru Dembo, mai littafin Wasannin Yara, sun yi ƙoƙarin adana su a takarda. Daga baya langa ta samu shiga cikin wasannin gargajiya da ake karawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, tare da dambe da kokawa. A can an sa mata alƙali da layi da maki, wato ta tsira, amma ta zama ta manya.

Mu kuma 'yan fim fa? Daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya a 1999 da abin da ya biyo baya, masana'antar ta ɗebi amo da tafin gaɗa ta zuba a waƙoƙin soyayya, ta bar wasan kansa. Aka ɗauki daɗin, aka zubar da darasin. Yaro a yawancin finafinanmu ɗan aike ne, ko maraya mai kuka a hannun kishiyar uwa. Ba kasafai ake nuna shi cikin tsaransa ba.

Na yi firamare a tsakiyar shekarun 2000, kuma na riski ƙarshen abin. Ban manta ranar da na saki ƙafa a langa ba, ina zaton ba wanda ya gani, har gidanmu ya sha. Wani ƙaramin yaro ya tona ni, kuma 'yan gidanmu da kansu suka ce a sake. Kunyar ranar ta fi min wa'azi goma. Yanzu ƙanena yana wata makarantar kuɗi da ke cikin gidan haya, ba ta da filin da akuya za ta juya. In an tashi tara a aji suke zama, in ya dawo gida sai wayar mamarsa.

Ka ga kenan abin da ake asara ya wuce nishaɗi. Yaron da bai taɓa faɗuwa a gaban tsaransa ya tashi ya ba da hannu ba, da wuya ya iya karɓar kaye in ya girma, a kasuwa ne ko a zaɓe. Saboda haka ina kira ga hedimastoci su ware wa langa da gaɗa lokaci a darasin motsa jiki, tunda ba sa buƙatar ko sisi. Marubuta da daraktoci kuma, ga labari kwance a ƙasa: yaro, da gidansa, da ƙaryar da zai yi ya ci wasa. Kai kuma mai karatu, in ka ga yara sun ja layi a ƙofar gidanka, don Allah matsar da mashin ɗinka ka ba su wuri.