Yadda Seshel ta tunkari annobar korona

Seshel ƙasa ce ta tsibirai 115 a Tekun Indiya, gabas da gaɓar Afirka. Mutanenta ba su cika dubu ɗari ba lokacin da korona ta ɓulla, kuma akasarinsu suna zaune ne a tsibirin Mahe, inda babban birnin Biktoriya yake. Yawon buɗe ido da kamun kifi su ne ƙashin bayan arzikinta.

An samu mutanen farko da suka kamu a watan Maris na 2020. Rufe ƙasa irin wannan ba ya da wuya: ba ta da iyakar tudu da kowa, filin jirgin saman ƙasa da ƙasa kuma ɗaya ne. Gwamnatin Danny Faure ta rufe shi, ta kuma hana manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa tsayawa. Matakin ya yi aiki, domin har 2020 ta ƙare babu wanda cutar ta kashe.

Sai dai ƙofar da cuta ke shigowa ta nan abinci ke shigowa. Baƙin da suka kai kusan 384,000 a 2019 sun ragu zuwa ƙasa da 115,000 a 2020. Otal-otal suka zama kufai, darajar rufi, kuɗin ƙasar, ta faɗi, gwamnati ta koma biyan albashin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu don kada a sallame su.

Shi ya sa rigakafi a Seshel ya zama maganar tattalin arziki kamar yadda yake maganar lafiya. Ranar 10 ga Janairu 2021 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta fara allurar, da Sinopharm da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba ta kyauta, daga baya Indiya ta aiko da Covishield. Sabon shugaba Wavel Ramkalawan ya miƙa dantsensa tun ranar farko. A 25 ga Maris aka sake buɗe wa baƙi ƙofa, wataƙila da ɗan gaggawa.

A watan Mayu cutar ta yi tashin da ba ta taɓa yi ba, duk da cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na jama'a sun karɓi allura biyu. Aka rufe makarantu, aka taƙaita taruka. Kusan kashi ɗaya bisa uku na masu cutar a lokacin sun yi allurar, amma yawancin waɗanda ciwon ya tsananta musu ba su yi ba. Gwamnati ba ta sake rufe filin jirgin ba, a watan Yuli kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da ba ta rance.