Kwalba Ɗaya, Mutum Goma

Mu da muka yi gwagwarmayar shan inna ne aka ɗora wa allurar korona. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, ba mu gama shan iska ba sai ga jirgin shirin rabon allurar korona na COVAX ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021 da allurar AstraZeneca kusan miliyan 4. Ranar 5 ga wata aka fara yi wa Dakta Cyprian Ngong a Asibitin Ƙasa, washegari Buhari ya miƙa dantse.

Akwatunan sanyi da ƙanƙara duk gadon shan inna ne. Sanin masu unguwa da limamai ma haka, tun bayan da Kano ta ƙi rigakafin shan inna a 2003, mutane suna tuna gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a 1996. Sai dai mun saba da ɗiga wa yaro magani a baki a zauren gidansu. Babba kuwa, wanda ake yi wa ta korona, ba a gida yake wuni ba, kuma yana da bakin musu.

A unguwar Gwarinpa ta Abuja ƙofar ƙarfe ce da maigadi. Masu gida sun tafi ofis, maigadin da ɗan ga-ruwa sun riga sun ji a WhatsApp cewa allurar tana hana haihuwa. Ga kwalba ta mutum goma ce, in an huda ta sai a ƙarar cikin awa shida. A wurin allura mutum uku na kan benci, malamar jinya ta riƙe kwalba tana leƙen ƙofa. "Baba, a ƙara haƙuri, mu cika goma." Sau da yawa kafin na bakwai ya iso na farko ya tafi sallar azahar, shi ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai a kan shara ya faru. A Disamban 2021 hukumar lafiya matakin farko, NPHCDA, ta Dakta Faisal Shu'aib ta binne allura sama da miliyan ɗaya a jujin Gosa. Kyautar ƙasashe masu arziki ce, ta iso wa'adinta saura makonni. Aka yi ta zagin 'yan Najeriya da taurin kai, alhali lokacin da layi ya yi tsawo a watannin farko, allurar ce babu.

A wannan watan ne umarnin gwamnati ya fara aiki cewa ma'aikacin tarayya ya nuna katin allura ko shaidar gwaji kafin ya shiga ofis. Benci ya cika nan da nan, har da masu jan mutum gefe suna tambayar nawa ne katin ba tare da allura ba.