Netbuk: An Haife Ta da Linux, Ta Tsufa a Hannun Linux

A watan Oktoban 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da wata kwamfutar tafi-da-gidanka wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Sunanta Eee PC 701. Faɗin fuskarta inci 7 ne, ma'ajiyarta gigabayit 4 kacal, farashinta a Amurka dala 399. Abin da ya fi jan hankali shi ne babu Windows a cikinta. Ta zo da Xandros, wani reshe na Linux da aka gina a kan Debian. Daga kanta aka sami wani sabon jinsi na ƙananan kwamfutoci da kasuwa ta raɗa wa suna netbuk.

Linux babbar manhaja ce, irin wadda ke gudanar da kwamfuta baki ɗaya, kuma tana cikin manhajoji masu 'yanci: kowa na da damar kwafarta, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya rarraba. Richard Stallman ne ya kafa wannan aƙida da shirin GNU a 1983, Linus Torvalds kuma ya fara rubuta zuciyar tsarin a 1991. Sai dai ba aƙida ce ta kai Asus ga Linux ba, lissafi ne. Windows Vista, wadda ta fito a farkon 2007, ta yi wa irin wannan na'ura nauyi ƙwarai, kuma kuɗin lasisi zai cinye ɗan abin da ake sa ran samu na riba.

Tunanin kwamfuta mai araha ya girmi Asus. A Janairun 2005, a taron Davos, Nicholas Negroponte ya gabatar da burin ƙera kwamfutar dala 100 domin yaran ƙasashe masu tasowa. Na'urar da shirin ya haifar, XO, da Linux take aiki, ko da yake farashinta bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba. Najeriya na cikin wuraren gwajin farko: a 2007 aka raba wa ɗaliban wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja. A shekarar ce kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya sami cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan kwamfutocin Classmate 17,000 na Intel domin makarantun Najeriya. Ba a jima ba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana kukan cewa an sanar da shi za a biya kuɗin manhajarsa, amma za a goge ta a ɗora Windows. Wannan taƙaddama ta nuna tun da wuri cewa Microsoft ba zai zuba ido a ƙwace masa ƙasan kasuwa ba.

Martaninsa ya zo a Afrilun 2008. Windows XP, wadda ake shirin yi wa ritaya, aka tsawaita sayar da ita da rahusa, amma ga ƙananan kwamfutoci kaɗai, kuma bisa sharaɗi: kada ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ta wuce gigabayit 1, kada fuska ta wuce kimanin inci 10. Intel ya kawo nasa injin mai araha, Atom N270. Daga nan sai netbuk ta zama tamkar 'yan gida ɗaya. Acer Aspire One, MSI Wind, Samsung NC10, HP Mini, duk kusan kayan ciki iri ɗaya ne, fenti da suna ne suka bambanta. Kafin 2009 ta yi nisa, Microsoft na ikirarin cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake sayarwa a Amurka da Windows suke zuwa.

Ba za a ɗora wa Microsoft laifin duka ba. Kowane kamfani ya zo da nasa Linux ɗin, Asus da Xandros, Acer da Linpus, yawancinsu an datse su, ba a kuma kula da sabunta su yadda ya kamata. Mai saye da ya saba da wasu manhajoji ya tarar ba sa aiki, sai ya mayar da kaya. Amma sharaɗin nan na gigabayit 1 shi ne ya ɗaure netbuk a turke ɗaya, alhali intanet na ƙara nauyi kowace shekara. Windows 7 Starter da ta biyo baya a 2009 ko hoton bangon fuska ba ta barin mai ita ya sauya. Da iPad ta fito a 2010, wayoyin hannu kuma suka ƙara ƙarfi, sai kasuwar ta watse. Zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera su.

Kamfani na iya daina ƙira, amma miliyoyin na'urorin da aka riga aka sayar suna nan, a cikin durowa da kasuwannin kayan hannu. Ranar 8 ga Afrilun 2014 Microsoft ya daina aika wa XP gyaran tsaro. Mai netbuk ya shiga tsaka mai wuya: XP ta zama gida marar ƙyaure, sabuwar Windows kuma ta fi ƙarfin na'urar. A nan Linux ta sake shigowa, wannan karon ta hannun masu na'urorin da kansu. Ana sauke tsarin a kan filas, a tada kwamfutar daga gare shi, a gwada, in ya yi a girka. Lubuntu, Puppy Linux, antiX da Debian mai sauƙaƙƙiyar fuska irin LXDE ko Xfce su ne suka yi suna, domin suna barin sarari a ƙwaƙwalwa. Da su ana rubuta takardu, a karanta littattafai, a saurari karatu, a koyi rubuta manhaja. Ba kowace na'ura ce ta miƙa wuya cikin sauƙi ba: masu ɗauke da kayan hoto na GMA 500 sun wahalar da mutane shekara da shekaru, haka ma wasu kayan Wi-Fi na Broadcom.

Inda gizo ke saƙar shi ne shiga intanet. Shafi ɗaya na zamani na iya cin ƙwaƙwalwar da ta fi ta tsarin gaba ɗaya, kuma babu wata manhaja mai 'yanci da za ta rage wa shafukan duniya ƙiba.

Akwai kuma batun injin kansa. Atom N270 da N280 na zubin bit 32 ne, kuma masu rubuta manhaja suna ta janye hannu daga wannan zubi, domin kula da shi aiki ne da masu sa-kai ke yi. Google ya daina fitar da Chrome na Linux mai bit 32 a 2016. Ubuntu ta daina fitar da faifan girkawa irinsa a 2017, Lubuntu ta bi sahu bayan fitowar 18.10. Debian, wadda ta fi kowa haƙuri da tsofaffin na'urori, ta fitar da Debian 13 a Agustan 2025 ba tare da faifan girkawa na bit 32 ba. Saboda haka lambar da ke jikin injin ce ke raba gardama. Netbuk mai Atom N450, wanda ya shiga kasuwa a farkon 2010, tana ɗaukar bit 64, kuma tana da sauran tafiya. Mai N270 kuwa ya rage masa Debian 12, wadda tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028, sai ƙananan rassa irin su antiX da ba su sake shi ba tukuna.