Gwajin maganin Trovan a Kano

Gwajin Trovan gwajin magani ne da kamfanin Pfizer na Amurka ya gudanar a Kano a shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya. Ana yawan kafa misali da shi a muhawarar ko ya dace a bai wa mai tsananin rashin lafiya maganin da ba a kammala gwada shi ba.

Yadda aka yi gwajin

An yi gwajin ne a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano a kan yara kusan 200. Rabinsu an ba su Trovan, wanda a lokacin ba a amince da shi ba, sauran kuma ceftriaxone. Yara 11 suka rasu: 5 daga masu shan Trovan, 6 daga ɗaya rukunin. Wasu sun kurumce, wasu sun makance ko sun shanye. Pfizer ya ce cutar ce ta jawo haka, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyayen kuwa suka ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba, alhali a asibitin akwai likitocin ƙungiyar MSF da ke ba da maganin da aka saba da shi kyauta.

Shari'a da diyya

Jaridar Washington Post ce ta tono maganar a Disambar 2000. Kwamitin Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya gano a 2001 cewa gwajin ya saɓa doka. A 2007 gwamnatin Kano da ta Tarayya suka shigar da ƙara, sannan a 2009 aka sasanta da Kano kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Ana lissafa lamarin cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003.

Dokoki

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta samun rubutacciyar yardar mutum kafin a yi gwaji a kansa, bayan an bayyana masa amfani da illar da ka iya biyowa. Ta kuma ba kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ƙarfin doka.

Amurka ta ɗauki wata hanya. A Mayun 2018 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar da ta bai wa masu cutar da ke barazana ga rai damar neman maganin da ya tsallake matakin farko na gwaji, ba sai hukumar FDA ta ba da izini ba. Bambancinta da abin da ya faru a Kano shi ne majiyyacin ne ke nema da kansa kuma ya sa hannu, sai dai dokar ba ta tilasta wa kamfani ya ba da maganin ba.